Bandeji Mai Ba Da Rahoto: Abin Da Sabuwar Fasahar Lura Da Gyambo Za Ta Iya Rage Wa Manoman Kudancin Kaduna

KAFANCHAN – Masana kimiyya a ƙasashen Amurka, Birtaniya da Singafo sun shafe fiye da shekara goma suna ƙoƙarin ƙera wani irin bandeji wanda, bayan rufe ciwo, zai riƙa auna halin da ciwon yake ciki, sa'an nan ya sanar da majiyyaci ko ma'aikacin jinya ba tare da an kwance shi ba. Ko da yake yawancin waɗannan na'urori suna matakin gwaji, al'amarin ya shafi tattalin arzikin yanki irin na kudancin Jihar Kaduna kai tsaye, domin a irin wannan wuri abin da gyambo yake ci ya wuce kuɗin magani. Yana cin kuɗin mota, yana cin ranakun aikin gona, wani lokaci ma ya ci ƙafar mai gida ɗungurungum.

GYAMBO DA ALJIHUN MANOMI

A wurin likitoci, ciwon da ya ɗauki kamar wata uku bai rufe ba ya tashi daga sunan rauni ya koma gyambo. Masu ciwon sukari suna cikin waɗanda ke kan gaba wajen fama da shi, saboda cutar takan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ta kuma rage gudun jini, ta yadda mutum zai taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba sai wurin ya ruɓe. Akwai kuma masu amosanin jini, waɗanda gyambo kan fito musu a wajen idon sawu, da waɗanda suka ƙone, da waɗanda maciji ya sara, da masu raunin haɗarin acaɓa, da matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa ɗinkin ya ƙi kamawa.

Ƙungiyar masana ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 akwai manya miliyan 3.6 masu ɗauke da cutar a Nijeriya. Wani nazari kuma da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya kai adadin sama da miliyan 11. A duniya baki ɗaya, masana sun ce tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka warke gyambon kan dawo musu cikin shekara guda.

Binciken da ya fi bayyana halin da ake ciki a ƙasar nan shi ne wanda aka gudanar daga watan Maris na 2016 zuwa watan Afrilu na 2017 a manyan asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Cikin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon sukari, an yanke wa kashi 35.4 cikin ɗari wani sashe na ƙafa, yayin da kashi 20.5 cikin ɗari suka rasu. Fiye da kashi uku cikin huɗu na majiyyatan sun iso asibiti ne bayan ciwon ya riga ya yi zurfi. Wato jinkiri shi ne babban abin da ya ci su.

Idan aka dubi yadda ake neman abinci a kudancin Kaduna, za a gane nauyin waɗannan alƙaluma. Ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a su ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma aiki ne na hannu da ƙafa: shuka a farkon damina, rufe gona da ciyawa, cire haki, tono bayan ɗaukewar ruwa, sa'an nan tsagawa da shanya a lokacin hunturu. Manomin da ƙafarsa ke ɗaure ba zai shiga laka ba, dole ya ɗauki 'yan ƙodago ko ya bar gonar. Daɗin daɗawa, annobar da ta afka wa citta a daminar 2023, wadda gwamnatin tarayya ta ce ta jawo asarar da ta kai naira biliyan 12, ta cinye ɗan abin da gidaje da yawa suke ajiyewa domin ɓacin rana. Kuma a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa.

ABIN DA BANDEJIN YAKE AUNAWA

Ciwo yana bin matakai huɗu kafin ya warke. Da farko jini ya daskare ya toshe bakin raunin. Daga nan wurin ya kumbura ya yi zafi na 'yan kwanaki, lokacin da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Bayan haka sabon nama ya tsiro, fata ta taho daga gefe tana rufewa. A ƙarshe tabo ya yi ƙarfi, abin da kan ɗauki watanni. Gyambo shi ne ciwon da ya tsaya cik a mataki na biyu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ƙwayoyin cuta suke samun gindin zama a ciwon da ya daɗe a buɗe.

Kafin ido ya ga mugunya ko hanci ya ji wari, akwai alamomi da ke sauyawa a cikin ciwon, kuma su ne sabon bandejin yake bibiya. Na farko shi ne zafi, domin wurin da cuta ta shiga ya fi gefensa ɗumi. Na biyu shi ne laima. Tun a 1962 wani masani ɗan Birtaniya, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe ya riƙe laimarsa ya fi wanda aka bari ya bushe saurin yin fata, amma idan ruwan ya yi yawa fatar gefe takan jiƙe ta lalace. Na uku shi ne abin da masana ke kira ma'aunin pH, wanda ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya. Lafiyayyar fata tana tsakanin 4 da 6, wato tana da ɗan tsami, amma gyambo yakan haura 7, har ya kusanci 9.

Duk macen da ta taɓa jefa kanwa cikin ruwan zoɓorodo ta ga yadda jan launinsa yake juyewa ya yi duhu. Irin wannan sauyin launi shi ne tushen mafi sauƙin waɗannan na'urori: ana sa wa takarda ko zare wani rini da ke canja kama idan ruwan ciwo ya karkata wajen kanwa. Masu tsadar kuwa suna ɗauke da 'yan mitsi-mitsin ma'aunai na lantarki, shimfiɗe a kan leda mai laushi, waɗanda ke aika sakamako zuwa wayar hannu.

INDA AKA KAI A BINCIKE

A shekarar 2015 masana a Jami'ar Bath ta Ingila, ƙarƙashin Toby Jenkins, suka nuna wani bandeji na masu ƙuna wanda ke fitar da koren haske idan gubar ƙwayoyin cuta ta taɓa shi. A 2021 Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta fito da VeCare, mai auna zafi da pH da alamun kumburi cikin minti 15. A cikin wannan shekarar ne kuma wata ɗaliba 'yar sakandare a Jihar Iowa ta Amurka, Dasia Taylor, ta yi suna da zaren ɗinkin rauni da ta rina da ruwan wani jan tushe irin na gwaza, mai sauya launi idan cuta ta shiga ɗinkin.

A watan Nuwamba na 2022 masana a Jami'ar Stanford suka ba da rahoton wani bandeji marar waya wanda, bayan aunawa, yake sakar wa ciwon 'yar wutar lantarki marar ƙarfi domin hanzarta tsirowar nama. A jikin ɓeraye, ciwon ya riga na sauran warkewa da kimanin kashi 25 cikin ɗari. A 2023 masanan Singafo suka sake fitowa da wani manne mai suna PETAL, mai kama da takarda, wanda ba ya buƙatar batir. Yana da ɗigo biyar masu sauya launi, kowanne da abin da yake aunawa, ana ɗaukar hotonsa da wayar hannu, manhaja ta fassara launukan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nisa cikin na lantarki shi ne na Farfesa Wei Gao na Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya. A 2023 an gwada shi a jikin dabbobi, a 2025 kuma aka ba da rahoton gwada sabon samfurinsa mai suna iCares a jikin mutum 20 masu gyambo. Masu binciken sun ce yana iya gano alamun kumburi da shigar cuta kwana ɗaya zuwa uku kafin majiyyaci ya ji a jikinsa. Sai dai ya kamata 'yan kasuwa su lura cewa mutum 20 gwajin farko ne. Tsakanin irin wannan gwaji da ranar da za a ga kaya a kantin magani akwai gwaje-gwaje kan ɗaruruwan mutane, da neman izinin hukumomi, da kafa masana'anta, abin da kan ɗauki shekaru.

Daga cikin waɗanda suka riga suka shiga kasuwa akwai na rigakafi, kamar safar Siren mai auna zafin ƙafa da tabarmar Podimetrics da mai ciwon sukari ke takawa kullum na 'yan daƙiƙoƙi, dukansu a Amurka.

LISSAFIN RIBA

Dalilin da ya sa kamfanoni ke zuba jari a wannan fanni a fili yake. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta kashe kimanin fam biliyan 8.3 wajen kula da raunukan mutum miliyan 3.8 a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018, kuma fam biliyan 5.6 daga ciki sun tafi ne kan ciwukan da ba su warke ba. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi ladan ma'aikatan jinya ne da lokacinsu.

Wani bincike da masanan Jami'ar Strathclyde ta Sikotilan suka wallafa a 2016 ya nuna inda ɓarnar take. Sun sa ma'aunin laima mai suna WoundSense a ƙarƙashin bandejin majiyyata, suka lissafa sauyin bandeji 588, sai suka tarar cewa kashi 44.9 cikin ɗari an yi su ne a lokacin da laimar ciwon take daidai, wato da an bar shi a rufe da ya fi. Kowace kwancewa tana sanyaya ciwon, tana iya ɗaye sabon naman da ya fara tsirowa, ga kuma zafin da majiyyaci ke sha.

A Birtaniya abin da ake son ragewa shi ne zirga-zirgar ma'aikacin jinya. A ƙauyukan Jema'a, Kaura, Sanga ko Zangon Kataf kuwa, majiyyaci ne ke yin zirga-zirgar. Mutumin da aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwo sau uku a mako zai yi tafiya 39 cikin wata uku, kowacce da kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, sau da yawa da ɗan rakiya, wanda shi ma ya bar nasa aikin. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin sufuri ya ninka. Abin da kan biyo baya sananne ne: idan aljihu ya gaza, majiyyaci ya rage zuwa, ko ya koma wa maganin gida, ba za a sake ganinsa ba sai ƙafa ta yi baƙi. Daga nan sai maganar tura shi Jos, Kaduna ko Shika, inda ake lissafin kuɗin gado, na aiki, na jini, da na ƙafar roba.

Saboda haka amfanin irin wannan bandeji a kudancin Kaduna bai wuce amsa tambayoyi biyu ba: yaushe za a bar ciwo a rufe, kuma yaushe ya zama tilas a ɗauki hanya a yau ba gobe ba. Na'urar da ta amsa su daidai za ta rage tafiye-tafiyen da ba su da amfani, ta kuma gaggauta tafiya guda ɗaya da ke ceton ƙafa.

CIKAS DA KE GABA

Cikas na farko shi ne farashi. Bandeji abu ne da ake cirewa a ƙone, don haka duk lantarkin da aka manna masa kuɗi ne da zai bi shara, sai fa idan an ƙera shi ta yadda za a cire ɓangaren lantarkin a sake amfani da shi. Mafi yawan kayan asibiti a ƙasar nan shigo da su ake yi, kuma bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a cikin 2024.

Na biyu shi ne ƙararrawar ƙarya. A binciken da aka wallafa a 2017 kan tabarmar Podimetrics, na'urar ta hango kashi 97 cikin ɗari na gyambon tafin ƙafa kimanin kwana 37 kafin ya fito, amma ta yi gargaɗin da bai tabbata ba da ya kai kashi 57 cikin ɗari. A Amurka wannan buga waya ne kawai. A ƙauye kuwa kuɗin mota ne da aka zubar, kuma idan ya faru sau biyu, majiyyaci ba zai ƙara amincewa da na'urar ba.

Na uku, an gwada yawancin waɗannan kaya ne a ɗakuna masu sanyi da tsabta. Zafin watan Maris, ƙurar hunturu, gumi da ruwan damina duk suna iya rikita ma'aunin zafi da na laima. Har ila yau, alƙaluman binciken Strathclyde sun fito ne daga bandejin zamani mai iya kwana da kwanaki a jiki. Inda ake amfani da auduga da ƙyallen asibiti, tilas a riƙa sauyawa akai-akai, ko da ma'auni ko babu.

Na huɗu, kuma mafi girma, rahoto ba magani ba ne. Idan bandeji ya nuna cuta ta shiga, sai an sami ma'aikacin da zai karanta, da ɗakin gwaji da zai faɗi irin ƙwayar cutar, da ingantaccen magani, da wanda ya iya kankare mataccen nama. Ba kuma za a ga waraka ba matuƙar sukari bai sauka a jini ba, ko majiyyaci yana ci gaba da taka ƙafar.

ABIN DA KE HANNU TUN YANZU

Hikimar da ke bayan waɗannan na'urori ba sai an jira su ba. Wani gwaji da Lawrence Lavery da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, kan mutum 173 a Jihar Texas, ya nuna cewa cikin masu ciwon sukarin da aka ba ma'aunin zafi na hannu su riƙa auna tafin ƙafarsu kullum, kashi 8.5 cikin ɗari ne gyambo ya dawo musu, alhali a sauran rukunin ya kai kimanin kashi 30. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a auna wuri ɗaya a ƙafar dama da ta hagu, idan bambancin ya wuce digiri 2.2 kwana biyu a jere, a rage tafiya a nemi ma'aikacin lafiya. Akwai kuma ɗan siririn zaren roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi domin gane ko ji ya mutu, wanda kuɗinsa ba shi da yawa. Hoton ciwo da aka ɗauka da waya kowane mako, da rula a gefensa, yana nuna ko yana raguwa. Likitoci sun san cewa gyambon ƙafar da bai ragu da rabi ba cikin mako huɗu da wuya ya rufe ba tare da an sauya magani ba.

Kafanchan tana da ginshiƙan da za a ɗora irin wannan tsari a kai. Garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927, kuma har yau shi ne matattarar kasuwanci da neman magani ga yankin. Akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, a 2025 kuma aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia. Gidauniyar Fantsuam, wadda ta fara aiki a 1996, ta taɓa shimfiɗa intanet marar waya a yankin tun lokacin da abin yake baƙo a karkara. Haɗa waɗannan da ƙananan asibitocin mazaɓu da na mishan, irin na St. Louis da ke Zonkwa, zai ba da damar ma'aikacin ƙauye ya aika hoto da awo, ƙwararre a gari ya yanke hukuncin ko a taho ko a dakata.

Ta fuskar masu biyan kuɗi, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da hukumar KADCHMA ta Jihar Kaduna suna da dalilin duba lissafin, domin kuɗin yanke ƙafa ɗaya da jinyarta zai sayi ma'aunan zafi masu yawa. Ta fuskar masana'antu kuma, umurnin shugaban ƙasa na watan Yuni na 2024 ya ɗage harajin shigo da wasu injuna da kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti na tsawon shekara biyu, da nufin ƙarfafa ƙera su a gida. Jihar da ta taɓa zama cibiyar masaƙu tun buɗe masaƙar Kaduna a 1957 ba baƙuwa ba ce ga auduga da rini, kuma bandeji mai sauya launi ya fi kusa da sana'ar masaƙa da ɗab'i fiye da ta ƙera kwamfuta. Duk wanda zai shiga harkar dai sai ya sami rajistar hukumar NAFDAC, bayan gwaji a jikin majiyyatan ƙasar nan, a yanayin ƙasar nan.

Masu lura da harkar na ganin cewa nau'in da zai fara amfanar karkara shi ne marar batir, mai araha, wanda ido ko wayar hannu za su karanta. Kafin ya iso, aikin da ke gaban hukumomi da asibitocin kudancin Kaduna shi ne ƙidaya masu gyambo, da lissafa abin da kowane ke kashewa, da horar da ma'aikatan da za su amsa kira. Ba a fafe gora ranar tafiya.